Tiyatar rage girman nono: abin da ya kamata mace ta sani kafin ta hau gadon likita a Legas

Mace na iya shafe shekara goma tana zarya tsakanin kemis da asibiti da kukan ciwon baya, ciwon wuya, sagewar kafaɗa da ciwon kan da ke tasowa da yamma, ana ba ta maganin ciwon jiki tana sha, ba wanda ya tambaye ta nauyin da take ɗauke da shi a ƙirji. Ita ma kunya ba ta barin ta faɗa. A wajenmu idan mace ta yi ƙorafin nononta ya yi mata yawa, amsar da take fara samu daga 'yan'uwa mata ita ce, "Haba Hajiya, wasu na can suna neman irinsa da kuɗinsu, ki gode wa Allah." Godiya daban, ciwo daban. Nonon da kowanne ya haura kilo ɗaya da rabi kaya ne da ba a sauke shi, ko a kasuwa, ko a kicin, ko a kan sallaya.

Yadda nauyin yake aiki a jiki ba boyayye ba ne. Yana jan mace gaba, kafaɗu su ranƙwafa, tsokar wuya da ta saman baya su yini a ɗaure suna ƙoƙarin miƙar da ita. Igiyar bireziya ta nutse a kafaɗa har ta bar kwari mai duhu wanda ba ya komawa. Wasu kan ji 'yar ƙaramar yatsa da ta kusa da ita suna sagewa, domin jijiyoyin da suka fito daga wuya zuwa hannu suna matsewa a hanya. Ruku'u da sujada su zama aiki, kwanciya rigingine ta riƙa danne numfashi, gudu ko tafiyar motsa jiki kuwa ba a maganarsu, ƙiba ta ƙaru, nonon ya ƙara girma.

Legas na ƙara nata. A Kano ko Sakkwato zufa na bushewa. A nan iskar da kanta a jiƙe take, musamman daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Macen da ta fito daga Agege ta kwashe awa biyu a danfo cikin cunkoso, da hijabi a kan riga a kan bireziya, ƙarƙashin nononta a jiƙe yake yini. Fata na gogar fata, wurin ya yi ja ko ya yi baƙi, ya riƙa ƙaiƙayi, ya saɓule, wani lokaci har da wari. Yawanci naman gwari ne ya samu wurin zama. Maganinsa a wanke, a tsane shi sosai, a sa ƙyallen auduga mai tsabta a tsakani, a shafa man kashe naman gwari irin clotrimazole sau biyu a rana na mako biyu zuwa huɗu. Mayukan nan masu haɗi uku da ake saya a kemis suna kwantar da ƙaiƙayi nan take saboda sitiroyid ɗin da ke cikinsu, amma suna sirantar da fatar, ciwon ya dawo ya fi da. Ki riƙe wannan maganar ta sirantar da fata, za mu dawo kanta.

Kafin a kai ga wuƙa akwai abin gwadawa. Mafi yawan ɗaukar nauyin da bireziya ke yi daga maɗaurin da ya zagaye ƙirji yake, igiyar kafaɗa taimako kawai take yi. Wadda ta sayi ta gwanjo da robarta ta riga ta mutu, ko ta sayi mai faɗin maɗauri don ta samu kofin da zai ɗauke ta, ta mayar da nauyin duka kan kafaɗa. A auna ƙirji daga ƙarƙashin nono da tef ɗin tela, a nemi mai maɗauri mai ƙugiya uku ko huɗu da igiya mai faɗi. Rage ƙiba yana taimakon wadda yawancin nononta kitse ne. Wadda nata naman da ke yin ruwan nono ne ya yi yawa, za ta iya zubar da kilo goma ƙirjin yana nan yadda yake, sai ma ya ƙara zubewa. Su kuwa mayuka, sabulai da shayin "rage nono" da ake tallarsu a Instagram da WhatsApp, babu wanda ke narkar da nama ta cikin fata. Asarar kuɗi ne, wasu kuma ƙona fata suke yi.

Akwai girman da ba na wannan babin ba. Idan nono ɗaya ne ya tashi shi kaɗai cikin 'yan watanni, ko akwai ƙullutu a ciki ko a hammata, ko fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, bincike ake fara yi don a tabbatar ba sankarar mama ba ce ko wani ƙari. Ba a maganar ragewa sai an gama da wannan.

Tambayar da kusan kowace Musulma ke yi ita ce ko wannan bai shiga sauya halittar Allah ba. Malamai sun bambanta tsakanin aikin da ake yi don ado kawai da wanda ake yi don kawar da cuta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya da ke Malesiya a 2007, ta yi hukunci a kan tiyatar gyaran jiki, ta kuma ambaci gyaran nono cikin abin da ya halatta idan girmansa ya kai ga jawo rashin lafiya. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta kai wa malaminta bayanin likita yadda yake, da ciwon da komai, kada ta ce masa kawai "gyaran nono" ya ɗauka ado ne.

Yadda ake yin aikin

Duk wanda ya fahimci abu ɗaya ya fahimci wannan tiyatar gaba ɗaya: cire nama ba shi ne mai wuya ba, mai wuya shi ne a ɗaga kan nono zuwa sabon mazauni sama da inda yake, yana raye. Kan nono da baƙin da ya kewaye shi suna samun jini daga ɓangarori da dama, mafi yawa daga jijiyoyin da ke fitowa ta gefen ƙashin tsakiyar ƙirji, sai na ɓangaren hammata, sai waɗanda ke ɓullowa daga tsakanin haƙarƙari. Jin taɓawa kuma galibi daga jijiyar da ke bin tsakanin haƙarƙari na huɗu yake zuwa. Likita zai yanke yawancin waɗannan hanyoyin, ya bar ginshiƙin nama guda ɗaya wanda kan nonon ke manne da shi. Daga nan kan nonon ya zama tamkar tsibirin da gada ɗaya ta rage masa: duk abin da ya toshe gadar nan, an yanke shi daga gari. Kusan duk dokokin da za a gindaya miki kafin aiki da bayansa, tsaron gadar nan ake yi.

Ana fara zane ne kina tsaye, kafin a sa ki barci, domin nono na sauya kamanni idan aka kwanta. Likita zai auna daga ɗan ramin da ke ƙasan maƙogwaro zuwa kan nono. A jikin da nono bai zube ba, tazarar ta kan kama santimita 19 zuwa 23. A masu neman wannan aikin a kan samu 30, 35, har sama da 40. Sabon mazaunin kan nono yana daidai da layin ƙarƙashin nono idan aka hasko shi ta gaba. Likitan da ya ƙware ya gwammace ya sa shi ƙasa kaɗan da ya sa shi sama, domin bayan watanni ƙasan nonon zai saki ya cika, kan ya riƙa kallon sama, kuma wanda ya hau da yawa har yana leƙowa ta bakin bireziya yana da wuyar gyara ƙwarai. Baƙin kewayen, wanda nauyi ya buɗa shi, a kan rage shi zuwa faɗin milimita 38 zuwa 45.

Salon yankan da aka fi yi wa babban nono shi ne wanda likita Robert Wise na Amurka ya fitar da zanensa a 1956. Tabonsa uku ne a haɗe: zagaye a kewayen baƙin, layi daga nan zuwa ƙasa, da dogon layi a kwance a ƙarƙashin nono, siffar harafin T a kife. Yana ba da damar cire nama da fata masu yawa. Akwai salon tsaye, wanda babu dogon layin ƙasa ko kuma gajere ne, ya fi dacewa da ragi matsakaici; a farkon watanni ƙasansa yakan yi tattara, daga baya ya miƙe, wani lokaci sai an ɗan gyara. Ginshiƙin kuma ana iya barin sa ta ƙasa, ko ta sama ɓangaren tsakiyar ƙirji. Na ƙasa tsohon hannu ne, amintacce. Na sama ta ciki yakan fi riƙe siffa da daɗewa. Kowanne na da kyau a hannun wanda ya saba da shi, don haka ba salon za ki zaɓar wa likita ba, tambayarsa za ki yi wanda ya fi yi da dalilin da ya sa ya dace da ke.

Idan nonon ya yi tsawo ƙwarai, ko za a cire fiye da kilo ɗaya da rabi a kowane ɓangare, ko mace na da ciwon suga ko shekaru sun ja, ginshiƙin kan yi tsawon da jini ba zai kai ƙarshensa ba. A nan wasu likitoci kan cire kan nonon gaba ɗaya su dasa shi a sabon wuri yadda ake dashen fata. Hanya ce mai aminci ga rayuwar kan nonon, amma da tsada: babu shayarwa bayanta, jin taɓawa yakan tafi, kan ya kwanta, kuma a baƙar fata launin yakan yi dabbare-dabbare da fari ko ja-ja na tsawon watanni, wani ba ya dawowa duka. Dole a faɗa miki tun kafin aiki idan akwai yiwuwar a koma ga wannan hanyar. Zuƙe kitse da bututu shi kaɗai kuwa, ga wadda nonon nata kitse ne, fatarta na da ƙarfi, bai kuma zube ba yake amfani, kuma irin waɗannan ba su da yawa. An fi amfani da shi wajen rage kitsen gefen hammata a haɗa da yankan.

Aikin yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, da cikakken maganin barci. Ana auna abin da aka cire daga kowane ɓangare a kan sikeli; giram 500 zuwa 1,000 shi ne aka fi gani, wasu ya kai kilo biyu ko fiye. Naman da aka cire dole a tura shi ɗakin gwaji a duba shi, na dama daban na hagu daban, domin jefi-jefi a kan tsinci sankarar da hoto bai nuna ba. Ki nemi takardar sakamakon ki adana. Kada kuma ki yarda da alkawarin lambar kofi. Kamfanonin bireziya ba su daidaita a kan lamba ba, kuma akwai iyakar abin da za a cire ba tare da an sirantar da ginshiƙin ba. Abin da za a iya yi miki alkawari shi ne ƙirjin da ya dace da faɗin jikinki.

Shirin da ke hannunki

Taba ce babbar abokiyar gabar wannan aikin. Sinadarin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka. A daina aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki, da irin haka bayansa. Shisha na ciki, da sigarin lantarki, da zama ɗaki ɗaya da maigidan da ke busawa. Mata da yawa ba sa lissafa shisha a matsayin taba, su ce wa likita ba sa sha. Kan nonon da ya mutu ba ruwansa da sunan abin da aka sha.

Na biyu man bilicin. Da yawansu na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi ko hydroquinone, wasu haɗin gida ne da mai sayarwar ma ba ta san abin da ke ciki ba. Fatar da ta shekara tana shan sitiroyid siririya ce, allura na keta ta, ɗinki ba ya kamawa, ƙwayoyin cuta na samun ƙofa, tabo na buɗewa. Wanda aka daɗe ana shafawa a jiki duka yana iya kashe wa jiki ƙarfin samar da nasa sinadarin, har ƙarfin gudun jini ya faɗi ƙasa a lokacin tiyata. Don haka ba a yanke shi dare ɗaya da ka. Ki ɗauki kwalbar ki kai wa likita ya tsara yadda za a janye shi, a ba fatar watanni ta farfaɗo.

Mai ciwon suga sai gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ya sauko inda likita ya gamsu, yawanci ƙasa da kashi 7 zuwa 8. Hawan jini a daidaita shi, domin shi ke sa jini taruwa a cikin nono bayan aiki. Za a duba yawan jini. Likitoci a nan ba sa son shiga aikin da ba na gaggawa ba da awon yawan jini, wato PCV, ƙasa da 30, kuma mace mai zubar da jini da yawa a al'ada gara ta fara shan maganin ƙarin jini tun da wuri. Za a duba rukunin jini da jinsinsa saboda sikila, da aikin ƙoda, da gwajin ciki. Wadda ta kai shekara 40, ko ake da sankarar mama a danginta, za a yi mata hoton nono da ake kira mamogiram. Masu ƙananan shekaru kuma sikanin. Ƙiba mai yawa na ƙara yawan buɗewar ɗinki, shi ya sa wasu likitoci ke neman a fara ragewa, kuma hakan ya fi, domin wadda ta rame bayan aiki nonon zai sake zubewa.

Asfirin, ibuprofen da diclofenac na hana jini tsayawa, a kan dakatar da su mako ɗaya zuwa biyu kafin aiki, sai dai wadda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin ba ta daina shi sai da izininsa. Haka jiƙe-jiƙe, tsimi, haɗin citta da tafarnuwa da ake sha da yawa, da kayan mata: a ajiye su mako biyu, a kuma faɗa wa likitan barci. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin na ƙara haɗarin daskarewar jini, a kan dakatar da ita mako huɗu kafin babban aiki a koma wata hanyar. Ranar aiki, babu abinci awa shida, ruwa zalla kuma har zuwa awa biyu kafin a shiga, sai in an ce miki wani abu daban.

Lokaci ma shiri ne. Budurwa a jira girman ya tsaya na aƙalla shekara guda, galibi wajen shekara 18, sai in girman ya wuce misali. Mai shayarwa ta jira wata shida ko fiye bayan yaye. Kada a sa aikin dab da azumi, ko bikin da za a yi hidima, ko tafiyar Hajji da Umara.

Wa zai riƙe wuƙar

Legas cike take da wuraren da ke tallar gyaran jiki, kuma yawan mabiya a Instagram ba takardar shaida ba ce. Wanda ake nema shi ne likitan da ya yi cikakken horon tiyatar gyaran jiki, mai shaidar ƙwarewa daga Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko Kwalejin Horon Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin. Za ki ga FWACS ko FMCS, alamar shaidar waɗannan kwalejojin, a bayan sunansa, ki kuma tambaya a wane fanni ne. Ya kasance da rajista da lasisin bana daga MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Ƙwararrun fannin na da ƙungiyarsu, NAPRAS. Asibiti mai zaman kansa a jihar nan sai da rajistar HEFAMAA, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci a Legas. A ɓangaren gwamnati akwai sashen wannan tiyatar a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi. Kuɗinsu ya fi sauƙi, jiran layi ya fi tsawo.

Tambayoyin da za ki yi ba su da kunya. Wane ne zai sa ni barci, likitan barci ne cikakke? Idan jini ya ɓalle da daddare, wa zai mayar da ni ɗakin tiyata, kuma ina za a samo jini? Akwai iskar oksijin da janareton ko-ta-kwana? Ki nemi ganin hotunan aikinsa a kan mata masu irin fatarki, waɗanda aka ɗauka bayan shekara guda. Hoton mako biyu ba ya nuna tabo. Idan kina son mace ta duba ki, ko a samu ma'aikaciyar jinya a ɗakin lokacin awo, haƙƙinki ne ki faɗa.

A asibitoci masu zaman kansu kuɗin miliyoyin naira ne. Ki sa a rubuta miki abin da ke ciki: likita, likitan barci, ɗakin tiyata, kwanan asibiti, magani, gwajin naman da aka cire, wankin ciwo, da wanda zai biya idan an koma gyara. Inshorar lafiya ta saba jefa aikin cikin na ado ta ƙi biya. Wasiƙar likita da ke nuna tarihin ciwon baya da na fata ita ce abin da za ki yi jayayya da shi. Masu fita Turkiyya, Indiya ko Masar su sani yawancin matsaloli a mako na biyu da na uku suke ɓullowa, lokacin an dawo gida, wanda ya yi ɗinkin yana wata ƙasa.

Bayan an farka

Za a kwana ɗaya ko biyu a asibiti. Wasu likitoci na sa ƙaramin tiyo mai janye jini na kwana ɗaya zuwa uku, wasu ba sa sawa. Zafin bai kai yadda ake tsoro ba tunda ba a yanka tsoka ba. Farasitamol, wanda ba a wuce giram huɗu a yini, da ɗan magani mai ƙarfi na 'yan kwanaki kan isa. Abin mamaki, da yawa tun a kwanakin farko suke jin wuya da kafaɗa sun saki.

A awa 24 na farko abin tsoro shi ne taruwar jini: ɓangare ɗaya ya kumbura ya fi ɗayan, ya yi tauri, zafi na ƙaruwa. Wannan komawa ɗakin tiyata ne nan take, domin matsin na danne ginshiƙin. A kwana biyu zuwa uku ana sa ido a kan kan nono. A farar fata sauyin launi na bayyana da wuri, a tamu sai an lura: ya yi sanyi, ya kumbura ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, ko ya yi toka-toka. Idan aka gano da wuri, kwance 'yan ɗinki kaɗai kan buɗe wa jini hanya. Idan aka bari har gobe, wani sashe ko duka na iya mutuwa. Ba ya yawan faruwa, amma shi ne dalilin da ya sa ba a yin wannan aikin a inda babu mai dubawa da dare.

Matsalar da ta fi yawa ita ce buɗewar ɗinki a mahaɗar T, inda kusurwoyin fata uku suka haɗu a ƙarƙashin nono. Nan ne jini ya fi ƙaranci, ja ya fi yawa, zufa ta fi taruwa. Yakan buɗe kamar faɗin farce ko fiye a mako na biyu ko na uku, ya warke da wanki da sauya bandeji cikin 'yan makonni, ba sai an sake ɗinki ba. Ja mai yaɗuwa, mugunya, wari ko zazzaɓi kuwa alamar ƙwayoyin cuta ne. Kada a ce maleriya ce a wuce kemis. Ciwo da kumburin sha-raɓa ɗaya, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji, gudan jini ne har sai an tabbatar ba shi ba, asibiti ake nufa a lokacin. Rigakafinsa tashi a taka tun ranar aiki, shan ruwa, da guje wa dogon zama. Motar dare zuwa Kano ko Kaduna don a je jinya a gida ba shawara ba ce a makonnin farko.

Ga wani gargaɗin da ya shafe mu musamman. Mun saba duk inda ya kumbura a gasa shi da ruwan zafi da tawul, kuma iyaye mata za su kawo wannan shawarar da kyakkyawar niyya. Fatar nono bayan wannan aikin a sage take, ba ta jin zafi, za ta ƙone har ta saɓule mai ita ba ta sani ba. Babu gashin ruwan zafi, babu ƙanƙara kai tsaye, babu turaren tsuguno da hayaƙinsa ke bi ta ƙirji, babu man kaɗanya ko zuma ko garin magani a kan ɗinki. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan idan likita ya ba da izini, a tsane da tawul mai tsabta, a bar fanka ta busar da ƙarƙashin. Salla a zaune ta wadatar har sai sunkuyawa ta daina jan ɗinki.

Bireziya marar ƙarfe mai maɓalli ta gaba ake sawa dare da rana na kimanin mako shida. Kwanciya rigingine da matashi biyu ko uku. Mai aikin ofis na komawa a mako na biyu ko na uku. Mai shago a Balogun ko Mile 12 da ke ɗaga kaya sai ta cika shida. A wannan tsakanin babu ɗaukar jarkar ruwa, babu daka, babu wanki da hannu, babu goyo, babu ɗaga yaron da ya fara tafiya. Acaba da keke a kan titi mai ramuka suna girgiza ɗinki, a nemi mota. Wadda ba ta da mai taya ta aikin gida na mako biyun farko ba ta gama shiri ba.

Siffar farko kan ba da tsoro: nonon a sama, a kumbure, kamar mai kusurwa. Sai wata uku zuwa shida yake sauka ya zauna. Ɗan bambanci tsakanin dama da hagu ba ya rasuwa, dama can ba daidai suke ba. A kan ji ƙullutu mai tauri inda kitse ya rasa jini ya daskare. Yawanci ba komai ba ne, amma kowane ƙullutu likita ne zai faɗi haka bayan sikanin. Jin taɓawa na dawowa a hankali da tsikari da ɗan fizga, har zuwa shekara ɗaya ko biyu, wasu kuma ba ya dawowa duka. Wannan magana ce da ya kamata a yi da maigida tun kafin aiki, ko da yake sa hannu a takardar amincewa na mai jikin ne.

Tabo kuwa dindindin ne, wannan shi ne cinikin: an ba da nauyi an karɓi tabo. Yakan yi duhu ya yi tauri a wata na biyu zuwa na shida, ya lafa cikin wata 12 zuwa 18. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, da kiloyid wanda ke wuce iyakar yankan yana ƙaiƙayi. Wadda hujin kunnenta ko ɗinkin tiyatar haihuwarta ya taɓa yin tudu ta nuna wa likita tun ranar farko. Ƙarshen layin da ke kusa da tsakiyar ƙirji da na gefen hammata su suka fi tashi. Bayan ciwon ya rufe ruf, a fara manna filastar silikon ko shafa man silikon, awa 12 ko fiye a kullum na wata uku zuwa shida. Idan tabon ya fara tudu, allurar triamcinolone a cikinsa duk mako huɗu zuwa shida na kwantar da shi, kuma ta fi aiki idan an fara da wuri.

Shayarwa ta dogara ga yawan naman da aka bari manne da kan nono ta ƙarƙashinsa. Da yawa na shayarwa bayan aikin, wasu ruwan ba ya isa sai an haɗa da madara, don haka a riƙa auna nauyin jaririn a makonnin farko, a kuma gaya wa ungozoma an taɓa yin aikin. A inda ake shayarwa har kusan shekara biyu wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Wadda ciwon bai matsa mata ba kuma tana sa ran haihuwa nan kusa, jira ya fi mata, domin ciki da ƙarin ƙiba na iya sake girmar da nonon. Wadda ciwon ya hana ta sakat ba dole ta jira ta gama haihuwa ba, sai dai ta gaya wa likita tana son shayarwa don ya zaɓi ginshiƙin da zai fi barin hanyoyin ruwan nono. Wadda ta kai shekarun mamogiram kuma ta yi sabon hoto wata shida zuwa shekara bayan aiki, ta faɗa wa mai ɗaukar hoton an yi mata ragi, domin tabon ciki na iya kama da wani abu a hoto, kuma da wannan sabon za a riƙa gwada na shekarun gaba.